An tauye wa Baba haƙƙinsa da aka saka masa da'amar ƙarfe maimakon mai narkewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Makka nake rubuto maka. Mahaifinmu mai shekara 58 jalɗa, wato gudan jini mai toshe jijiya, ta kama shi a zuciya a watan da ya wuce, aka yi masa gasɗara, wato zura siririn bututu ta jijiya zuwa zuciya, cikin dare, aka saka masa da'ama ɗaya ta ƙarfe, wato 'yar ragar da ke tokare jijiya. Alhamdulillahi ya samu sauƙi. To kawunmu da ke Jidda ya zo dubiya, ya ce ai akwai da'ama mai narkewa wadda ke ɓacewa da kanta idan ta gama aikinta, wai ita ake saka wa masu hali, mu ta talakawa aka ba mu. Tun ranar Baba ya rasa sukuni, yana cewa an bar masa ƙarfe a ƙirji har kabari. Da gaske akwai ta? Za a iya cire wannan a saka waccan? Kuma da ita aka saka masa, da ya huta da shan ƙwayoyi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

Ki fara da kwantar masa da hankali. Irin da'amar da aka saka masa, wato ragar ƙarfe mai siraran zare da aka shafe da magani, ita ce za a saka wa babban attajiri in aka kawo shi da bugun zuciya a Riyad ko Landan. Da mahaifina aka kawo mini a wannan dare, ita zan ɗauko, ba tare da wani kokwanto ba. Kawu kuwa ba ƙirƙirar magana ya yi ba. Da'ama mai narkewa akwai ta, an yi ta, an saka wa dubban mutane, jaridu sun yi ta yabonta. Sai dai labarin da ya iso masa ya tsaya ne a wajen 2016, abin da ya biyo baya bai yaɗu kamar yadda yabon ya yaɗu ba.

Bari in ɗan koma baya, don ki ga abin da ake nema da da'ama tun asali. Zuciya tana tura jini ga dukkan jiki, ita kuma abincinta yana zuwa ne ta manyan jijiyoyi uku da ke kwance a kanta, faɗin kowacce bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba. Shekara da shekaru maiƙo na taruwa a cikin bangon jijiyar, musamman ga mai ciwon suga, mai hawan jini da mai shan taba. Ranar da 'yar fatar da ta lulluɓe maiƙon ta tsage, jini ya daskare a wurin ya toshe hanya. Naman zuciyar da ke gaba da toshiyar yakan fara mutuwa bayan minti 20 zuwa 30, wanda ya mutu kuwa tabo yake zama, ba ya farfaɗowa. Shi ya sa ƙa'idarmu ita ce a buɗe jijiyar cikin minti 120 daga lokacin da aka gane ciwon, in ba zai yiwu ba a yi allurar narkar da gudan jini a nan take.

A 1977 wani likita mai suna Andreas Grüntzig ya fara buɗe jijiyar zuciya da ɗan balan-balan a birnin Zurik na Suwizalan. Hanya na buɗewa, amma a wasu sai jijiyar ta rufe nan take, a kusan mutum ɗaya cikin uku kuma ta sake tsukewa cikin 'yan watanni. A 1986 aka fara saka ragar ƙarfe a Tulus ta Faransa da Lozan ta Suwizalan domin ta tokare bangon. Hakan ya rage matsalar, sai kuma aka ga nama na tsirowa ta cikin ragar yana cike hanya. A 2002 a Turai, 2003 a Amurka, aka fito da ragar da aka shafa wa maganin da ke hana wannan tsiro. Wadda ke ƙirjin Baba jikanyar waccan ce, ta fi ta siranta nesa ba kusa ba, kuma a yau waɗanda jini ke daskare musu a cikinta a shekarar farko ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

To me ya kawo tunanin mai narkewa? Tunani ne mai kyau ƙwarai, ni kaina har yau ina fatan ya tabbata. Jijiyar da aka buɗe ba ta buƙatar tokari har abada, 'yan watanni take buƙata ta warke a sabon faɗinta. Kin ga magina in sun zuba dakin, sukan tokare shi da sanduna har siminti ya kama, sannan su kwashe. Aka ce me zai hana a yi haka a zuciya? In ragar ta ɓace, jijiya za ta koma buɗewa da tsukewa gwargwadon buƙatar jiki. In an buƙaci babbar tiyata nan gaba, likita zai samu wurin ɗinka sabuwar jijiya babu ƙarfe a gabansa. Sannan ragar ƙarfe ma tana da nata: bayan shekarar farko, kimanin mutum 2 cikin 100 a kowace shekara sukan samu wata matsala a wurin da aka saka ta. Ga mai shekara 45 da ake sa ran zai rayu da ita shekara talatin, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne.

Mutanen Jafan ne suka fara gwada ta a jikin ɗan Adam a ƙarshen shekarun 1990, amma wadda ta yi suna ita ce Absorb ta kamfanin Abbott. An yi ta da wani irin roba dangin zaren ɗinkin tiyata mai narkewa. Jiki na farfasa ta sannu a hankali har ta zama ruwa da iskar da muke fitarwa a numfashi, cikin kimanin shekara uku, ba abin da ke saura sai 'yan ɗigon filatinam a bakinta biyu don a gane wurin a hoto. Turai ta amince da ita a 2011, Amurka a watan Yulin 2016.

Daga nan murna ta fara komawa ciki. A wani bincike mai suna ABSORB II an jira shekara uku aka auna ko jijiyar ta dawo da motsinta fiye da mai ƙarfe, wanda shi ne babban alkawarin, sai ba a ga fifiko ba. A ABSORB III, da aka yi da mutum 2,008, bayan shekara uku jini ya daskare a cikin mai narkewa ga kashi 2.3 cikin ɗari, a ta ƙarfe kashi 0.7. A binciken AIDA na Amstadam, mai mutum 1,845 da aka raba biyu, mutum 31 ne jini ya daskare musu a mai narkewa, 8 a ta ƙarfe, har masu sa ido kan binciken suka ce a fitar da sakamakon tun lokaci bai yi ba, a 2017. Adadin waɗanda suka rasu bai bambanta a fili ba, wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa. Amma daskarewar jini a cikin da'ama ba ƙaramin abu ba ne, galibi sabon bugun zuciya ne, a jijiyar da aka riga aka sha wahalar buɗewa. A watan Maris na 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi likitoci. A watan Satumba kamfanin ya daina sayar da ita, ya ce ciniki ne ya yi ƙasa. A 2018 ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta rubuta a ƙa'idojinta cewa kada a saka da'ama mai narkewa sai a cikin bincike. Daga amincewar Amurka zuwa janyewa daga kasuwa, shekara ɗaya da wata biyu ke nan.

Dalilin faɗuwarta ba ɓoyayye ba ne. Roba ba ta da ƙarfin ƙarfe, don haka sai da aka yi zarenta da kauri kafin ta iya riƙe bangon jijiya: kimanin maikiromita 157, alhali ta ƙarfen da aka gwada su tare 81 ce. Maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kya ce wane bambanci ne wannan, amma a cikin jijiyar da faɗinta milimita 3 ne, zare mai kauri yana tsayawa a hanyar jini, ya sa shi jujjuyawa a bayansa, inda jini ya jujjuya kuwa nan yake daskarewa. Nama ma yakan daɗe bai rufe shi ba. Ragar ƙarfe in ta yi ƙanƙanta sai mu ƙara hura ta ta manne, ita kuwa in aka wuce rabin milimita a kan girmanta sai ta karye. Ba a kuma ganinta a hoton da muke aiki da shi. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne wanda ke zuwa daga baya: tsakanin shekara ɗaya da uku, lokacin da take farfashewa, in akwai sashen da nama bai rufe ba sai gutsuren ya faɗo cikin hanyar jini. Mutum ya riga ya ɗauka ya warke, wataƙila ma an tsayar masa da magani, sai ciwo ya dawo.

Yanzu ga abin da ya shafi Baba kai tsaye, wato saka ta a lokacin bugun zuciya. A kan takarda nan ne ta fi dacewa. Masu irin wannan bugun sau da yawa ba tsofaffi tukuf ba ne, maiƙon da ya tsage mai laushi ne, kuma galibi yana farkon jijiya inda take da faɗi. Amma wanda ya tsaya a ɗakin gasɗara cikin dare ya san inda gizo ke saƙar. Jijiyar da jalɗa ta toshe a ɗaure take, ta tsuke saboda halin da jiki ke ciki, ga gudan jini ya cika ta. Girman da muke gani a wannan lokaci ya gaza girmanta na gaskiya. In ka zaɓi da'ama a kan wannan awo, bayan kwanaki jijiya ta saki, gudan jini ya narke, sai a samu rata tsakanin raga da bango. Mai narkewa kuwa ita ce ta fi kowace buƙatar awo daidai, da buɗe wurin sosai da balan-balan kafin a saka ta, da sake danne ta bayan an saka. Kowane hurawa a cikin gudan jini na iya tura ɓarɓashi gaba ya toshe ƙananan jijiyoyi, kuma kowane ƙarin mataki mintoci ne da naman zuciya ke ci gaba da mutuwa. Ga shi jinin mai bugun zuciya a wannan rana ya fi na kowa saurin daskarewa.

An gwada ta a masu bugun zuciya, ba a ƙi ba. Binciken TROFI II ya ɗauki mutum 191, bayan wata shida aka leƙa cikin jijiyoyinsu aka ga warkewar ta yi daidai da ta ƙarfe. Sakamako ne mai daɗi, sai dai mutum 191 ba su isa a gane abin da ke samun mutum biyu ko uku cikin ɗari ba, kuma hoton jijiya aka auna, ba wanda ya sake kwanciya asibiti ba. Babban binciken ABSORB III kuwa bai ma shigar da masu irin bugun da ya samu Baba ba.

Akwai wani iri da aka yi da magniziyom, na kamfanin Biotronik, mai suna Magmaris. Shi ƙarfe ne amma mai narkewa, kusan dukkansa na ɓacewa cikin shekara ɗaya. A Sifen aka gwada shi a masu bugun zuciya 150, aka fitar da sakamako a 2019. Jijiyar ta fi motsi, wato wancan alkawarin ya cika, amma ta fi sake tsukewa, kuma waɗanda aka sake mayarwa gasɗara sun fi yawa. Kamfanin ya gyara shi ya fito da Freesolve, Turai ta amince da shi a 2024, ana kuma kan babban binciken gwada shi da ta ƙarfe. A Indiya da Sin an ƙera na roba masu siraran zare. A 2024 Amurka ta amince da wata mai narkewa domin jijiyoyin ƙafa ƙasa da gwiwa. Ke nan aikin bai mutu ba, kuma zan yi farin ciki ranar da za a kawo hujjar da za ta sa in sauya abin da nake ɗaukowa. Amma majinyacin da ke kwance a gabana ba shi ne zai biya kuɗin fatana ba.

Akwai wani ruɗani da nake yawan ji a bakin mutanenmu, mai yiwuwa ma shi ne tushen maganar Kawu. Wasu da'amomin ƙarfe, irin su Orsiro, Synergy da Ultimaster, shafen da ke riƙe da maganin ne yake narkewa bayan watanni, ragar tana nan daram. Sai mutum ya fito daga asibiti yana cewa an saka masa mai narkewa. Ki duba katin da'amar da aka ba Baba ko takardar sallama, ba mamaki irin wannan ce ma a jikinsa.

Batun cirewa kuwa a bar shi kwata-kwata. Cikin watanni nama zai lulluɓe ta ta zama ɓangaren bangon jijiya, ba a cire ta, babu kuma dalilin cirewa. Ki gaya wa Baba tsawonta galibi tsakanin santimita ɗaya da huɗu ne, ba ta tsatsa, ba ta gusawa daga inda take ko ya yi sujada ko ya yi tari, ba ta sa na'urar binciken filin jirgi ƙara, kuma ana yi wa mai ita hoton maganaɗisu, illa ya sanar da ma'aikata ya nuna katinsa. Ranar da ta Allah ta kasance, bayan tsawon rai, ba a taɓa ta, ba ta hana wanka ko sutura.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce ta fi damuna, domin a nan ne ake rasa mutane. Da mai narkewa aka saka masa, da ƙwayoyinsa sun ƙaru ne. Mai da'amar ƙarfe bayan bugun zuciya yakan sha magungunan hana daskarewar jini guda biyu, asfirin da abokinsa, na wata 12 a bisa ƙa'ida, sai in likita ya ga dalilin ragewa. Waɗanda aka saka wa Absorb da yawa an ce su ci gaba da biyun har shekara uku, sai ta gama narkewa. Wanda aka saka masa a wancan zamani kuma yake karanta wannan, tasa ta riga ta ɓace, kuma bin diddigin da aka yi ya nuna ƙarin hatsarin yana tsayawa ne bayan shekara uku. Ko da wace iri ce kuwa, da'ama santimita biyu ko uku ta gyara, cutar tana ko'ina a jijiyoyin. Maganin rage maiƙon jini da guda ɗaya daga masu hana daskarewa na har abada ne. Maiƙo marar kyau muna so ya sauka ƙasa da 55 a awon mg/dL.

Don Allah 'yar'uwa, ke ki riƙe wannan a hannunki. Kada Baba ya tsallake asfirin ko abokinsa ko na kwana ɗaya a wannan shekara, domin barin su da wuri shi ne babban abin da ke toshe sabuwar da'ama. In Brilinta aka ba shi a matsayin abokin asfirin, sau biyu ake sha a rana, kuma yakan sa wasu jin kamar numfashi bai ishe su ba. In haka ta faru, ko kuɗinsa ya gagara, ko inshora ta ƙare, a koma wurin likita ya sauya masa zuwa Plavix ko danginsa, kada a ajiye a yi shiru. In likitan haƙori ya ce a tsayar kafin cire haƙori, sai an tambayi likitan zuciya. In zai je gida Najeriya ko Nijar ganin dangi, ya tafi da abin da zai ishe shi har ya dawo, a jakar hannu.

Ƙaho, wanda mutanenmu a Makka da Madina ke yawan yi, a jinkirta shi muddin yana kan magungunan biyu, don jinin ba zai tsaya da wuri ba. Voltaren da Brufen da ake saye don ciwon gwiwa ko baya a nisance su, suna jawo zubar jini a ciki kuma suna wahalar da zuciya, farasitamol ya wadatar. In kun ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, ko haɓo ya ƙi tsayawa, ku je asibiti a ranar. Azumi a makonni shida na farko bayan bugun zuciya muna hana shi, daga baya kuma ya danganta da ƙarfin zuciyar, sai a tsara shan magani tsakanin buɗa-baki da sahur. Ɗawafi ya fara a keke ko a lokacin da babu cunkoso da zafin rana, har likitansa ya sake shi. Taba da shisha kuwa babu sassauci a kansu.

In ciwon ƙirji ya dawo, mai danna, da gumi ko amai, ya wuce minti biyar, a kira 997 ko 911. Kada a tsaya shafa mai, kada a jira gari ya waye, kada a tuƙa shi a motar gida in motar asibiti za ta iya zuwa, domin a cikinta ake ɗaukar awon zuciya a sanar da ɗakin gasɗara tun kuna hanya. Na san abin da ke sa wasu mutanenmu jan ƙafa, tunanin igama, wato takardar izinin zama, da tunanin kuɗi, ban kuma raina wannan damuwa ba. Amma takarda ana gyara ta daga baya, naman zuciya ba a gyara shi. Mai ciwon suga kuma wani lokaci ba ya jin ciwon ƙirjin sam, sai kasala da gumi da sarƙewar numfashi.

Ranar komawarku asibiti ki tambayi likitansa abu biyu. Na farko, sauran jijiyoyin biyu lafiya suke ko akwai wadda ta tsuke da ake shirin buɗewa, domin kusan rabin masu irin wannan bugun ana tarar da tsukewa a wata jijiyar. Na biyu, nawa ne ƙarfin bugawar zuciyar a hoton da aka yi kafin sallama. In 40 ne cikin ɗari ko ƙasa da haka, akwai magungunan da za a ƙara masa, kuma a maimaita hoton bayan mako 6 zuwa 12 a ga ko ta farfaɗo.